Rigar Ruwan Momme

A garin Oldersiel, idan teku ta ci mutum ba ta dawo da gawarsa ba, ba a taɓa rigar ruwansa. Inda ya rataye ta a ɗakin tuƙin jirginsa, nan za a bar ta. Ko an sayar da jirgin, wanda ya saya ya sani, sai ya buga wata ƙusar a gefe ya rataye tasa. Ba coci ce ta kafa wannan ba, ba kuma hukuma ba. Haka suka taso suka tarar, kuma ba su taɓa ganin dalilin yi wa baƙo bayani ba.

Reimer Boysen ya san wannan tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Ubansa Ocke mai kamun jatan lande ne, ƙanen Reimer, Momme, ma haka. Shi kaɗai ya bar ruwa ya hau hasumiya. Filin gwajin makaman sojojin ruwa yana bayan ganuwar teku, arewa da gari, kuma aikin Reimer a hasumiyar da ke can guda ɗaya ne: kafin a harba komai cikin teku, shi zai duba ya ce babu kowa. Akwai makulli rataye a wuyansa. In bai murɗa shi ba bindiga ba ta tashi, ko da janar ne ya tsaya yana kumfar baki.

Bindigar da ake gwadawa a shekarun nan ba ta cin albarushi. Dogayen ƙarafa ne guda biyu a kwance kafaɗa da kafaɗa. A tara wutar lantarki a rumbuna, a sake ta gaba ɗaya, ta fizgi harsashin daga tsakaninsu ta watsa shi. Babu abin fashewa a cikin harsashin, gudunsa kawai ke kisa. Yana riga ƙararsa isa, saboda haka wanda aka nufa ba zai ji komai ba. Masu ƙera ta sukan faɗi wannan da fara'a, kamar wani alheri suka yi wa mamacin. Bana kuma sun ƙara wa harsashin ido. Yana neman ɗumi, yana karkata kansa cikin iska har ya same shi.

Shekarun baya, wata rana da kaka, aka tsinci jirgin Momme yana yawo shi kaɗai. Keike ake ce wa jirgin, sunan mahaifiyarsu. Inji na aiki, taru na cikin ruwa, ga shayi rabin kofi, babu Momme. Ranar an yi rana, don haka bai sa rigarsa ba. Tana nan rawaya a kan ƙusarta. Aka neme shi har aka gaji.

Tun daga nan Reimer yake ganinsa. A layin masu sayen burodi, a kan ganuwa cikin tumaki, a bakin gadar jirage. Kullum ta baya, kullum ya ɗaga hannun hagu yana shafa ƙeya, kamar yadda Momme yake yi in yana tunani. Reimer ya matsa kusa, sai ya ga wani ne daban, ko ya ga babu kowa. Sau ɗaya abin ya bi shi har hasumiya. Ya tsayar da gwaji don ya ga mutum tsaye a kan laka, aka je aka tarar da turke. Aka aika shi wajen likita, aka ba shi hutu. Da ya dawo, Dakta Haslbeck, matar da ke shugabantar gwajin, ta kira shi ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta san ciwon rashi, amma in haka ta sake faruwa za a karɓi makullin a mai da shi sito yana ƙirga kusoshi. Ya ce ya ji. Kowa a filin ma ya ji, duk da ƙofar a rufe take.

Keike ya daɗe a tashar jirage yana tsatsa. Babu masuncin da ya taya. Daga ƙarshe matar Momme ta sayar wa wanda ya zo, kuma wanda ya zo shi ne filin gwaji, domin can ake sayen tsofaffin jirage a kafa su a teku a harbe su. Kada kowa ya ga laifinta. Tana da 'ya'ya, kuma jirgi ba ya ciyar da kowa a ɗaure.

Ranar Lahadi Reimer ya je shan shayi wurin ubansa kamar yadda ya saba. Tsohon ya jefa dunƙulen sukari cikin kofuna, ya tsiyaya shayin da hannun dama. Hannun hagun yana kwance a kan tebur. Tun da injin jan taru ya kama shi a zamanin ƙuruciya, hannun nan bai sake wuce ƙirji ba, ko hula da dama yake cirewa.

"An ce ku kuka saye shi," in ji Ocke.

"Ba ni ba ne, Baba. Hukuma ce."

"Hukumar da ke cika maka tukunya."

Reimer ya jawo kofinsa. Ya zuba ido yana kallon madara tana tasowa cikin shayin.

"Rigar tana ciki," in ji tsohon.

"Na sani."

"Ba a cire ta, wannan ka sani, na sani. Amma ba a kuma barin ta a harbe ta kamar mahaukacin kare. Ka shiga ka ɗauko mini. Ni zan san inda zan rataye ta."

"To, Baba."

"Wannan to ɗin naka na san shi. Shi ka riƙa ce wa uwarka in ta ce ka wanke ƙafa."

"Na ce zan ɗauko."

"Ka ce. Sha shayinka."

Ya je tashar. Wannan gaskiya ne, ya je, har ya sa ƙafa ɗaya a kan katakon shiga. Warin man dizal da tsohon taru ya buge shi, ya hango rawayar rigar ta tagar ɗakin tuƙi, sai ƙafar ta ƙi. Ya ce gobe. Goben ma ya je ya tsaya ya dawo. Mutum yakan ruɗi kansa da zuwa bakin aiki, ya ɗauka ya yi rabi, alhali bai yi komai ba. Ana nan sai jirgin da ke jan jirage ya zo ya ja Keike, aka kai shi can cikin lakar da ke gaban filin, aka jefa masa anga. A wurin nan in teku ta janye jirgi yakan zauna a kan laka, mai ƙarfin ƙafa ya iya takawa har wurinsa. In ta kawo, sai ya tashi ya yi iyo.

Jajiberin gwajin, tsohon ya tare shi a ƙofar gida.

"Ina rigar?"

"Tana wurin aiki, Baba. Na ajiye ta a ofis. Zan kawo."

Ocke ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Madalla," ya shiga ya rufe ƙofa.

Ranar gwajin gari ya waye da iska da sanyi. Baƙi sun zo daga babban birni da motoci masu duhun gilas, har da wani kwamandan sojan ruwa mai furfura a gefen kunne. Sai teku ta cika ake harbi, wajen tsakar rana, kuma an rufe hanyar jirage na ɗan lokaci kawai. Aka ɗaga jar tuta a kan ganuwa.

A ɗakin cin abinci Reimer ya tarar da Dettmer yana cin baƙin burodi da ƙwai, yana ba mutane dariya. Dettmer shi ke shirya abin da za a harba. Mutumin cikin ƙasa ne, daga garuruwan ma'adinai ya zo, bai taɓa ganin teku ba sai da aka ɗauke shi aiki. Tun da harsashin ɗumi yake bi, sukan kafa mutum-mutumi a kan jirgin, su sa masa hita a ƙirji, ya yi ɗumi kamar mai rai.

"Ga mai gani har hanji nan ya iso!" in ji Dettmer. "Malam Boysen, yau dai ka sassauta mana. In ka ga mutum a jirgin nan, nawa ne, ni na haife shi jiya. Har na yi masa sutura."

"Wace irin sutura?"

"Ai ba zan bar yaro tsirara cikin sanyin nan ba. Na shiga ɗakin tuƙi na tarar da wata tsohuwar rigar ruwa a rataye, rawaya. Na sa masa. Kai, kamar tela ne ya auna shi."

Mutanen cikin ƙasa suka yi dariya. 'Yan garin da ke wurin babu wanda ya yi. Tjark, matuƙin kwalekwalen sintiri, wanda suka yi makaranta tare da Momme, ya ajiye cokalinsa a hankali.

"Kai dai jaki ne, Dettmer," ya ce.

"Me na yi kuma?"

"Ba komai. Ci ƙwanka."

Dettmer ya dubi wannan ya dubi wancan, dariyar ta bushe a fuskarsa. Ba mugu ba ne. Bai sani ba ne, kuma bai tambaya ba. Yawancin ɓarnar duniya haka take zuwa, daga hannun mutum mai fara'a wanda ya ga abu a rataye ya ɗauka ba na kowa ba ne.

Reimer ya bar kofinsa ya hau hasumiya.

Daga can sama ana ganin komai: ganuwa da tumakinta, dogon ɗakin bindiga da bakinta a buɗe wajen teku, sannan ruwan toka-toka yana shigowa yana cinye laka. Can nesa ga Keike, ƙarami kamar ƙwaro. Ya sa ido a madubin hangen nesa. An shafe sunan jirgin da fenti, an rubuta lamba. A gefen ɗakin tuƙi ga abin nan a tsaye, ɗaure da ƙarfen jingina, ya ba tudu baya, cikin rigar Momme. Ya cire idonsa. Ya ce wa kansa, roba ce da waya. Ya maimaita har sau da yawa.

Da ruwa ya ɗaga jirgin, Tjark ya fita ya zagaya shi, ya kira ta oba-oba.

"Hasumiya, Tjark ne. Na zagaya. Ɗan gidan Dettmer na tsaye yana shan iska. Ban da shi babu kowa."

"Na ji. Fito daga layi."

Bayan ya fito sai wani yayyafi ya taso daga yamma, ya rufe jirgin ruf. Aka dakata. Dakta Haslbeck ta hau hasumiya da kwamandan da Dettmer, suka tsaya gaban allon da ke nuna ɗumi. Ba mace ce mai yawan magana ba. Shekarunta masu yawa sun tafi a kan harsashin nan, kuma yau ne za a ce a ci gaba ko a rufe. Tana ta murza zoben hannunta.

Yayyafin ya wuce. Aka kunna allon. Teku baƙa, jirgi toka-toka, sai farin tabo guda ɗaya a gefen ɗakin tuƙi.

"Ga yarona nan," in ji Dettmer, amma a hankali ya faɗa.

"A fara tara wuta," in ji Dakta.

Rumbunan suka fara kuka. Ba ƙara ce mai yawa ba, wani gunji ne da mutum yake ji a haƙoransa. Tumakin kan ganuwa sun san shi, suka juya suka yi kudu a jere. Idan rumbunan suka cika ba a iya riƙe wutar da daɗewa. Ko a harba, ko a zubar da ita cikin ƙasa, kuma in an zubar, kafin a sake tarawa ruwa ya janye, ranar ta tafi.

Reimer ya bi tekun da madubi daga arewa zuwa kudu, a hankali, yadda aka koya masa. Babu kwalekwale, babu jirgin dakon mai, babu kowa. Ya dawo kan Keike. Mai rawayar riga yana nan inda yake, ya ba shi baya. Ya ciro makullin daga wuya ya zura a raminsa. Ya sake sa ido, don doka ta ce da ido a kan madubi ake murɗawa.

Sai mai rigar ya ɗaga hannun hagu, ya kai ƙeya, ya shafa sau biyu, ya sauke.

Reimer bai cire idonsa ba. Abin ya koma tsaye kamar yadda yake.

"Dakta," ya ce, "mutum nawa kike gani a allon?"

"Ɗaya. Namu."

"Ya motsa?"

Ta dubi allon, ta dube shi. "Jirgin ne ke tangaɗi, Malam Boysen. Komai na kansa yana motsi."

"Ya ɗaga hannu."

"Iska ce," in ji Dettmer da sauri. "Hannun rigar ya fi nasa tsawo, iska ce ke kaɗa shi. Wallahi ni na ɗaure shi da hannuna."

Kwamandan ya yi gyaran murya ya dubi agogonsa. Daga ƙasa aka kira cewa rumbuna sun cika.

Reimer ya san yadda maganarsa take a kunnensu. A nasa kunnen ma haka take. Ya ga hannun nan a layin burodi, ya gan shi a kan ganuwa, ya gan shi a jikin turke. Bai taɓa zama gaskiya ba ko sau ɗaya. Yau ma ga dalili a fili: an sa wa roba rigar ƙanensa, shi kuma bai yi barcin kirki ba tun da ya yi wa ubansa ƙarya. Ya lissafa a ransa. In roba ce, a harbe ta. In Momme ne, teku ta riga ta gama da shi, harsashi ba zai ƙara masa komai ba. Ta kowace fuska murɗawa ita ce hankali. Na'urori sun ce ɗaya, Tjark ya ce babu kowa, mutane masu digiri suna tsaye a bayansa suna jira. A ɗaya gefen kuwa babu komai sai idon mutumin da likita ya riga ya ce a riƙa lura da shi.

Dakta Haslbeck ta matso kusa da shi, ta rage murya don kada baƙon ya ji.

"Reimer," ta ce, karo na farko da ta kira shi da sunansa. "Na san jirgin wane ne. Da na sani tun farko da na sa wani a kujerar nan yau. Ka tuna abin da muka yi magana a kai. Kada ka yi wa kanka haka."

Yatsunsa suna kan makullin. Ƙarfen ya yi ɗumi. Ya tuna abin da aka gaya masa ranar da aka fara rataya masa shi: ba a ce ka tabbata akwai mutum ba, an ce ka tabbata babu. Ya tambayi kansa ko ya tabbata. Amsar ba ta da daɗi, amma gajeriya ce.

Ya zare makullin ya sa a aljihu.

"Ban ga fili ba," ya ce. "Ba zan murɗa ba."

"Wannan wane irin wasa ne?" in ji kwamandan.

"Ranka ya daɗe, na ga mutum."

"Mutumin da aka kafa don a harba!"

Dakta ta rufe ido na ɗan lokaci. Da ta buɗe, fuskarta ta yi fari kamar takarda, amma ta ɗauki wayar ta ce, "A zubar da wuta." Sannan ta juya wajen kwamandan. "Makullin nasa ne, ranka ya daɗe. Haka dokar take, kuma ni na sa hannu a kanta." A ba ta haƙƙinta. Da yawa a matsayinta da sun nemi wata hanya.

Gunjin ya sauka a hankali har ya mutu. Babu wanda ya dubi Reimer. Ya ɗauki hularsa ya sauka, ya shiga kwalekwalen sintiri.

Tjark ya tayar da inji, suka nufi Keike. Ruwa na watsa musu a fuska. Da suka yi nisa, Tjark ya ce:

"In muka je muka tarar da roba, ka san sito za ka."

"Na sani."

"Ba laifi. Akwai hita a siton. Ni ma in gwiwar nan ta ƙara tsufa can zan biyo ka, mu riƙa ƙirga kusoshi muna zagin Dettmer."

Keike yana ta girma a gabansu. Fentin da aka shafa bai rufe sunan sosai ba, ana iya karanta shi daga ƙasa. Suka zo ta baya. Mai rawayar riga yana tsaye ya fuskanci buɗaɗɗiyar teku, hular rigar a kansa, kafaɗunsa a dunƙule. Tjark ya rage wuta. Reimer ya miƙe tsaye, bai yi niyya ba, sunan ya fito da kansa.

"Momme!"

Kan ya juyo a hankali. Farin gemu, jajayen idanu, leɓuna sun yi shuɗi.

"Sai yanzu?" in ji Ocke.

Tjark ya yi wata ashar da ba za a rubuta ba. Suka ɗaure kwalekwalen suka haura. Mutum-mutumin yana kwance a kan daɓe tsirara, fuska a ƙasa, wayar hitarsa a tsinke, ruwan sama ya sanyaya shi tuntuni. Tsohon yana tsaye daidai inda aka ɗaure mutum-mutumin da. Laka ta bushe masa har cinya. Hannayensa biyu sun damƙe ƙarfen jingina, sun sandare, sai da Tjark ya riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Suka sauke shi cikin kwalekwale, suka lulluɓe shi da bargo a kan rigar, don ya ƙi a cire ta. Tjark ya ba shi shayi daga fulas, yana riƙe masa kofin.

"Baba, me ya kawo ka nan?" in ji Reimer. "Ba ka ga jar tuta ba?"

"Da na fito babu tuta. Da sassafe na fito, ruwa na janye." Haƙoransa suna kaɗawa. "Ka ce tana ofis. Kai tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka dubi takalminka."

"Da ƙafa ka zo?"

"A'a, da jirgin sama. Da ƙafa mana! Na san lakar nan tun ba a haifi ubangidanka ba. Sai dai ƙafar ce ba ta da ba. Na iso na ga numfashi ya ƙare, na ce bari in ɗan kwanta a ƙasa, a gadon Momme. Na farka na ji muna iyo." Ya kurɓi shayin. "Na hau na ga sun sa wa wannan dodon rigarsa. Ɗana ba abin wasan yara ba ne. Na kwance shi na karɓe. Ruwan sama na zuba, sanyi na ci na, na sa. Momme ba zai hana ubansa riga ba."

"Ka san abin da ake shirin yi wa jirgin nan?"

"Na sani. Na ce ai kai ne a sama, za ka duba."

Reimer ya juya fuskarsa wajen ruwa. Da suka yi rabin hanya, ya ce wa tsohon:

"Allah ya sa ka ɗaga hannu, Baba. Ba don haka ba da na murɗa."

"Wane hannu?"

"Na hagu. Ka kai shi ƙeya, ka shafa."

Tsohon ya dube shi kamar yadda ya dube shi jiya a ƙofar gida. Ya fito da hannun hagun daga cikin bargo, ya yi ƙoƙarin ɗaga shi. Ya zo daidai ƙirji ya tsaya yana rawa, inda ya saba tsayawa tun kafin a haifi Reimer.

"Da wannan?" ya ce. "Kuma da na saki ƙarfen nan ko da ɗaya ne, da ina cikin ruwa. Tambayi Tjark yadda ya same ni."

Reimer ya dubi Tjark. Tjark ya kafa idonsa a kan gaba, ya ƙara wuta.

Ba a karɓi makullin ba. Kwamandan ma ya miƙa masa hannu, Dettmer kuma ya je asibitin da aka kwantar da Ocke, ɗauke da kwalbar giya da furanni, ya tsaya a ƙofa yana murza hula har tsohon ya ce ya shigo ko ya tafi, yana shigo da sanyi. Aka ƙara doka cewa mai sintiri zai riƙa shiga cikin jirgi ya leƙa ko'ina. Dakta Haslbeck ta ce iska ce ta kaɗa hannun rigar, kuma iskar ta yi musu rana. Reimer bai yi mata musu ba.

Da aka sake samun ruwa mai kyau, aka sake ɗaga tuta. An naɗe mutum-mutumin da buhu. Reimer ya daɗe yana dubawa, har aka fara gyaran murya a bayansa. Babu abin da ya motsa. Ya murɗa. Wuta ta tsaga bakin bindigar, kafin ya ƙifta ido ɗakin tuƙin Keike ya zama ƙura da gutsattsarin katako. Harsashin ya shiga daidai ƙirjin buhun, daidai inda ubansa ya tsaya. Ƙarar ta zo daga baya, lokacin da babu sauran wanda za ta gargaɗa. Mutanen da ke bayansa suka yi tafi, suka rungumi juna. Sun yi aiki mai kyau, in dai ana kiran wannan aiki mai kyau.

An ce za a ɗora bindigar a kan jirgin yaƙi, ta riƙa harbi can bayan inda ido ke tsayawa. A can babu hasumiya. Allo zai nuna farin tabo, wani ya ce ɗaya ne, namu ne ko nasu ne, a danna. Ko tsoho ne da ya zo ɗaukar rigar ɗansa, harsashin ba zai tambaya ba. Ɗumi aka koya masa.

Rigar tana bayan ƙofar kicin ɗin Ocke, a kan sabuwar ƙusa. Reimer yakan zo ranar Lahadi ya zauna ya ba ta baya. Tun ranar nan bai sake ganin Momme ba, ko a layin burodi, ko a kan ganuwa. Likita ya ce sauƙi ne ya samu. Shi kuwa duk ranar harbi, in ya sa ido a madubi ya ga teku fayau babu kowa, sai ya ƙara jira kaɗan da yatsunsa a kan makulli, ko wani zai ɗaga hannu.